Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Gandun Yankari da Makarantun Maƙwabtansa

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a jami'o'inmu na Arewa ya san cewa da wuya shekarar karatu ta ƙare ba a ji wata ƙungiyar ɗalibai ta ɗauki shatar mota ta nufi Yankari ba. Akan tafi cikin murna, a yi wanka a ruwan Wikki, a zaga daji a ga gwanki da ɓauna, in an taki sa'a a ga giwa, a ɗauki hotuna a komo gida ana ta ba da labari. Abin da ba mu cika tsayawa mu duba ba shi ne ƙauyukan da mota take ratsawa kafin ta kai ƙofar gandun, da makarantun firamaren da ke cikinsu, da yaran da ke ɗago wa baƙi hannu a bakin hanya. Shin daga cikin kuɗin da aka biya a ƙofa, nawa ne yake komowa ya zama alli ko littafi a ajin waɗannan yara?

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta kawo ra'ayi guda ɗaya, ta kuma kare shi gwargwadon hali. Ra'ayin kuwa shi ne, ya wajaba a yanke wani kaso sananne daga abin da masu yawon buɗe ido ke biya a Yankari, a rubuta shi cikin doka, a riƙa bai wa makarantun ƙauyukan da ke kewaye da dajin a matsayin haƙƙinsu. Na zaɓi Yankari ne don shi ne gandun da yawancinmu muka sani, amma duk abin da za a faɗa a nan ya shafi Falgore da Kamuku da Dagona da sauran irinsu.

Yankari a taƙaice

Gandun namun daji na Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, faɗinsa kuwa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a shekarar 1956, zamanin gwamnatin Jihar Arewa da En'e ta Bauchi, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. A shekarar 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta sa shi cikin gandayen ƙasa, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi da abinta. Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci ga zancenmu, domin ma'anarsa ita ce Majalisar Dokokin Jihar Bauchi tana da ikon yin dokar da muke magana a kanta ba tare da jiran Abuja ba.

Kogin Gaji shi ne ran dajin, a bakinsa namun daji ke taruwa da rani. Akwai gwanki da kanki da mazo da gwambaza da ɓauna da mugun dawa, akwai dorina da kada a ruwa, ga gwaggon biri da ya addabi masaukin baƙi da sata, ga tsuntsaye iri fiye da 350. Ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa da ɗuminsa na awo 31 dare da rana, rani da damina. Amma abin da ya fi ɗaukaka sunan Yankari shi ne giwa, wadda aka ƙiyasta yawanta tsakanin 100 da 150, watau ɗaya daga cikin manyan garken da suka rage a Nijeriya, da kuma 'yan zakunan da suka saura. Raƙumin dawa da kyarkeci, waɗanda dā suke cikin dajin, tuni sun ƙare. A shekarar 2014 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kiyaye namun daji ta WCS, mai hedikwata a Amurka, domin ƙarfafa sintirin masu gadin daji.

Babu katanga tsakanin wannan daji da mutane. Gundumomin Duguri da Fali da Gwana duk suna maƙwabtaka da shi, mazaunansu kuwa manoma ne da makiyaya, waɗanda kakanninsu suka yi farauta da kiwo da su a wannan wuri tun kafin a san wani abu wai shi gandun daji.

Wa ke biyan kuɗin giwa?

Baƙo yana ganin shi ne ya biya kuɗin ganin giwa, tun da shi aka yanka wa rasit. Haƙiƙa kuwa wanda ya fi shi biya shi ne manomin da ke bakin iyaka. Giwa ba ta san turakun iyaka ba. Idan masara da dawa da shinkafa suka nuna, sai garke ya fito cikin dare, kafin gari ya waye ya tattake wahalar damina ɗungum, ya ci na ci ya ɓarnata saura. Manomi ba shi da damar ɗaga mata bindiga, in ya yi haka ya taka doka. Haka kuma ba shi da damar shiga dajin ya sari itace, ko ya yanki shuci, ko ya ɗebi zuma, ko ya saro maganin da kakansa ya nuna masa. Bafulatani yana hango ɗanyar ciyawa da ruwan Gaji a tsakiyar rani, shanunsa suna ramewa, amma an ce kada ya shiga. Ba na cewa waɗannan dokoki ba su da dalili. Suna da shi, domin in ban da su da tuni Yankari ya zama tarihi. Abin da nake cewa shi ne akwai masu ɗauke da nauyinsu, kuma ba su ne masu cin moriyarsu ba. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, ina ruwan makaranta a wannan magana? Ruwanta da tsaki. Da farko dai, giwa ɓarniyar dare ce, manya ke kwana a gona dominta, amma biri ɓarawon rana ne, tsaronsa kuwa aikin yara ne. Lokacin da amfanin gona ke nuna shi ne daidai lokacin da ake komawa sabuwar shekarar karatu, cikin watan Satumba da Oktoba. Uban da aka ce ya zaɓa tsakanin abincin shekara da zangon karatu guda, ba sai an tambaye shi abin da zai zaɓa ba. Na biyu, idan gona ta salwanta, abin da ake fara yankewa a gida shi ne kuɗin riga da takalmi da littafi da na jarrabawa. Sai a ɗora wa yarinya talla, a tura yaro birni ci-rani tun bai isa ba. Na uku, malamin da aka turo daga gari zuwa ƙauyen da ke bakin daji, inda babu ɗakin kwana, babu ruwa, babu hanyar kirki, ba abin da ya fi damunsa irin neman a canza masa wurin aiki. Ta haka makaranta kan tsaya da suna da gini, amma ba karatu.

Yaron da ya tashi cikin wannan hali, da wane ido ake so ya dubi giwa? A wurinsa ita ce dabbar da ta sa ubansa ya ci bashi, ita ce kuma ake ɗaure mutum dominta. Gobe idan ɗan kasuwar haure ko mai sayen naman daji ya zo neman wanda ya san hanyoyin dajin, wannan yaro zai samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kowane tsohon gari na ƙasar Hausa yana da huruminsa da burtalinsa da makiyayarsa. A tarihin Musulunci ma an san Halifa Umaru, Allah Ya yarda da shi, ya keɓe wurin kiwo domin dabbobin baitulmali, amma ya gargaɗi mai tsaron wurin da ya sassauta wa masu 'yan dabbobi kaɗan, saboda in dukiyarsu ta halaka wurin hukuma za su zo da iyalinsu suna kuka. Darasin da ke ciki a fili yake: duk hukumar da ta keɓe ƙasa don amfanin kowa, ta ɗauki alhakin raunanan da keɓewar ta ƙuntata wa.

Abin da waɗansu ƙasashe suka yi

Kada a ɗauka wannan shawara mafarki ce irin ta ɗalibi. Akwai ƙasashen Afirka da suka daɗe suna aiki da ita, kuma akwai abin koyo cikin nasararsu da tuntuɓensu.

A Ruwanda, inda baƙi ke zuwa daga ko'ina domin ganin manyan birran nan na kan duwatsu da ake kira gorila, gwamnati ta fara bai wa ƙauyukan da ke kewaye da gandaye kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka samu tun daga shekarar 2005. A 2017 aka ninka kuɗin takardar izinin ganin gorila daga dala 750 zuwa dala 1,500, aka kuma ninka rabon ƙauyuka ya zama kashi 10. Da wannan kuɗi an gina ajujuwa da ɗakunan shan magani da tankunan ruwa. Ban da wannan kuma suna da wani asusu dabam mai biyan diyya ga wanda namun daji suka yi wa ɓarna. Watau sun raba tsakanin haƙƙin al'umma da haƙƙin mutum ɗaya, ba su bari ɗaya ya cinye ɗaya ba.

A Yuganda doka ce ta 1996 ta ajiye cewa kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga gandaye na maƙwabta ne. In aka ji kashi 20 sai a ce sun fi Ruwanda kyauta, alhali kuwa ba haka abin yake ba. Kason nan daga kuɗin ƙofa kaɗai ake cire shi, kuɗin ƙofa kuwa ɗan kaɗan ne in aka gwada shi da na izinin ganin gorila, wanda shi ne mai tsoka. Daga baya ala tilas aka ƙara wani ɗan haraji a kan kowace takardar izini domin a cike giɓin. Har ila yau, da yake kuɗin yana bi ta ofisoshin ƙananan hukumomi, an sha kuka da jinkiri, da kuma kai aiki garuruwan da ke nesa da iyakar daji, waɗanda ba su taɓa asarar ko zangarniya ɗaya ba. Abin lura a nan shi ne, faɗar kaso ba ya wadatarwa, sai an faɗi kason mene ne, ta hannun wa zai bi, wa kuma zai isa gare shi.

Misali na uku yana kusa da gida. A yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai, nan ne raƙuman dawan Afirka ta Yamma na ƙarshe suke, suna yawo cikin gonakin mutane, suna cin wake da mangwaro. A shekarar 1996 guda 49 kacal suka rage. Da aka hana farautarsu, aka mai da 'ya'yan ƙauyukan 'yan rakiyar baƙi, aka kuma taimaka wa mazauna da rijiyoyi da ƙananan rance, sai suka yi ta ƙaruwa har suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Manomin Kure bai daina asarar wakensa ba, amma ya ga abin da zaman dabbar ke jawo masa, sai ya haƙura da ita. Za mu komo kan Kure nan gaba, domin labarinta yana da wani ɓangare mai ɗaci.

Don me makaranta?

Mai tambaya yana iya cewa, in dai haƙƙin maƙwabta ne, don me ba za a raba musu kuɗin a hannu ba, ko a yi musu hanya da asibiti? Amsata ita ce, kuɗin Yankari bai kai na gorilar Ruwanda ba, ko kusa. Mafi yawan baƙinsa 'yan ƙasa ne, ɗalibai da ma'aikata da iyalai masu hutun salla da na Kirsimeti. In aka raba kason gida gida, abin da zai isa hannun kowa ba zai sayi buhun taki ba, ya zama an zuba gishiri a kogi. Hanya da asibiti kuwa sun fi ƙarfin wannan kuɗi. Amma makarantar ƙauye ƙaramin abu ke tayar da ita. Bugu da ƙari, makaranta ita ce wuri guda da ɗan manomi da ɗan makiyayi da ɗan maharbi ke zama kan benci ɗaya, saboda haka abin da aka sa mata ya game kowa.

Akwai kuma ribar da gandun kansa zai ci. Yana bukatar masu gadi da suka iya karanta taswira da rubuta rahoto, da 'yan rakiyar da za su yi wa baƙo bayani, da direbobi da masu dafa abinci da ma'aikatan masauki. In ba a yi karatu a ƙauyukan kewaye ba, daga nesa za a riƙa ɗebo waɗannan ma'aikata, 'yan gida su zama 'yan kallo a ƙofar gidansu. Mai gadin da aka haifa a bakin dajin, wanda albashinsa ke ciyar da gidansu, ya fi kowane shinge tsaro, domin labarin ɓarawon daji a kasuwar ƙauye ake fara jin sa.

Yadda ya kamata a tsara

Abu na farko, doka ta fayyace cewa daga kowace naira goma da baƙo ya kashe a gandun, naira ɗaya ta makarantun maƙwabta ce. Kuma kada a tsaya kan kuɗin ƙofa kamar yadda Yuganda ta fara. A haɗa da kuɗin ɗakunan kwana na Wikki, da na motar zaga daji, da na ɗakin cin abinci, ko da an ba wa ɗan kasuwa hayarsu. A buga wannan kaso a jikin rasit, domin baƙo ya san inda kuɗinsa ya tafi.

Na biyu, kuɗin ya tafi kai tsaye asusun makarantu, kada ya kwana a ofisoshi. Akwai kwamitocin kula da makarantu na iyaye da malamai da aka riga aka sani a firamarenmu. A ƙarfafa su, a sa dagatai da limamai da fastoci inda suke, a sa ardon Fulani da sarkin baka, a kuma tabbata mata suna ciki da bakin magana. Kowane wata uku a rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe, da Hausa, a manna a ƙofar Mainamaji da bangon kowace makaranta, a kuma karanta shi ranar kasuwa domin waɗanda ba su iya karatu ba. Kuɗin da kowa ya san adadinsa yana da wuyar ci.

Na uku, rabo ya bi asara. Ƙauyen da gonakinsa ke jingine da iyaka, wanda giwa ke kwana a cikinsa, shi ne a gaba, ko da ba shi da ɗan majalisa ko wani babba a birni.

Na huɗu, kuma wanda na fi so a lura da shi, kada a ƙarar da kuɗin wajen gine-ginen da za a yi bikin buɗewa a ɗauki hoto. Mun sha ganin aji mai sabon fenti da awaki ke kwana a ciki. Ran makaranta malami ne. A fara da gina wa malamai ɗakunan kwana masu mutunci, da rijiyar burtsatse, da makewayi, wanda rashinsa ke korar 'yan mata da zarar sun fara girma. Sa'an nan a zaɓi samari da 'yan mata na ƙauyukan da suka gama sakandare, a ɗauki nauyinsu zuwa kwalejin horon malamai ta Kangere ko ta Azare, bisa sharaɗin su komo su koyar a garinsu na waɗansu shekaru. Ɗan gari ba ya neman canji, domin gonarsa da danginsa suna nan. In akwai saura, a sayi hatsi daga manoman wurin a riƙa dafa wa yara abincin rana cikin watannin kaka, a kuma ɗauki manyan samari aikin tsaron gonaki daga biri, domin ƙanana su zauna a aji. Kada kuma a manta da 'ya'yan makiyaya. Tun 1989 aka kafa hukumar ilmin makiyaya ta ƙasa, makarantunta da ke wannan yanki su ma maƙwabta ne.

Amsa ga masu suka

Na san akwai masu cewa gandun kansa bai ƙoshi ba, masu gadinsa suna bukatar motoci da kayan aiki, ɗakunansa suna bukatar gyara, ina ya ga rarar da zai bayar? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Amma a tuna, mafi yawan abin da ake kashewa wajen sintiri ana kashe shi ne domin kare dajin daga mutanen da ke kewaye da shi. Duk abin da zai rage gaba tsakanin daji da ƙauye ya rage wannan nauyi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Waɗansu kuma za su ce ilmin firamare wajibin gwamnati ne, don me za a ɗora shi kan giwa? Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma ina tare da masu yin ta rabin hanya. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi, muddin su ma sun kawo nasu. Haɗarin da ke akwai shi ne hukuma ta ga kuɗin gandu ya shigo, sai ta janye nata hannu, a tashi ba a ƙaru da kome ba. Saboda haka dole dokar ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa wannan kaso ƙari ne a kan abin da ya wajaba tun asali. Albashin malami da littattafan karatu suna nan a wuyan gwamnati.

Akwai wani dalili kuma da ya sa bai kamata a rataya albashi a kan wannan kuɗi ba, watau rashin tabbas ɗinsa. Baƙo kamar tsuntsu yake, motsi kaɗan ke tayar da shi. A shekarar 2020 annobar korona ta rufe gandaye da dama a Afirka, wuraren da suka dogara ga baƙi kaɗai suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A cikin wannan shekara, ranar 9 ga Agusta, 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ciki har da shugaban 'yan rakiyar baƙi. Rana ɗaya ta rushe kasuwar da aka yi shekaru ana ginawa. A nan gida, rashin tsaro ya hana baƙi zuwa Kamuku ta ƙasar Birnin Gwari, kuma ita kanta ƙasar Alkaleri ta ɗanɗana hare-haren 'yan bindiga. Don haka hikima ita ce a sa kuɗin cikin abin da zai tsaya ko baƙi sun ɗauke ƙafa, kamar ɗakin malami da rijiya da horon ɗan gari, a kuma riƙa ajiye wani abu a shekarar yalwa saboda shekarar tsanani.

Suka ta ƙarshe daga iyaye take fitowa, masu tsoron kada baƙi su ɓata tarbiyyar 'ya'yansu. Su ma suna da hujja. An ga wurare a duniya inda yara suka bar aji suka koma bakin hanya suna roƙon alewa da kuɗi wurin masu yawon buɗe ido, aka kuma mai da makarantu wurin kallo, ana katse darasi domin yara su yi wa baƙi waƙa. Talauci ba abin nuni ba ne, 'ya'yan mutane kuma ba namun daji ba ne da za a tsaya ana ɗaukar hotonsu. Tsarin da na kawo shi ne maganin wannan, domin taimakon yana bi ta rasit da asusu, ba ta tagar mota ba. Mai son ƙarawa ya ba kwamiti.

Namu aikin

Ya ku malamaina da 'yan'uwana ɗaliban Hausa, kada mu zaci wannan magana ta masu nazarin daji da tattalin arziki ce kaɗai. Mu tambayi kanmu, mutum nawa ne a cikinmu zai iya bambanta gwanki da kanki, ko mazo da gada, ko burtu da cilakowa, in ya gan su? Muna karanta sunayensu cikin tatsuniyoyi da karin magana, muna rubuta jarrabawa a kansu, amma dabbobin da sunayen duka suna ɓacewa tare. Tsofaffin maharban da ke ƙauyukan Yankari sun san sawun kowace dabba da kukanta da abincinta da kirarinta, sun san sunan kowane itace da amfaninsa. Wannan ilmi ne da babu shi a ɗakin karatunmu, kuma kowace shekara ana binne wani sashe nasa.

Ga aiki a gabanmu. Maimakon kundin digiri na goma a kan jigon da aka riga aka tatse, wani ya je ya tattara kirarin maharba da sunayen namun daji da tsirrai, da Hausa da Fulatanci da harshen Dugurawa. Daga nan a fitar da ƙananan littattafan karatu masu hotuna domin 'yan firamare, waɗanda za su ga dajinsu da dabbobinsu a cikin littafi, a kuma fitar da jagorar baƙi da Hausa a sayar a Wikki, ribar ta shiga asusun makarantu. Ƙungiyoyinmu masu zuwa yawon buɗe ido su sa a cikin lissafin tafiya kuɗin littattafai da alli da za a miƙa wa shugaban makaranta cikin mutunci. Mu kuma roƙi hukumar gandun ta ware ranakun da za a riƙa ɗebo 'yan makarantun kewaye kyauta a zaga da su. Abin kunya ne a ce ɗan Legas da ɗan Landan sun yi wanka a Wikki, amma yaron da ke jin kukan giwa daga ɗakin uwarsa bai taɓa ganin ta ba sai a cikin gonarsu. Gani ya kori ji.

Kammalawa

Yankari ya haura shekara sittin da buɗewa, ya ga gwamnatin Jihar Arewa, ya ga ta tarayya, ya komo hannun jiha. Duk wannan lokaci maƙwabtansa suna nan inda suke, suna haƙuri da giwa da biri da doka. Gwamna Bala Muhammad, wanda aka zaɓa a 2019 aka sake zaɓa a 2023, ɗan Duguri ne, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Muna kira gare shi da 'yan Majalisar Dokokin Jihar Bauchi da sarakunan yankin su dubi wannan magana da idon basira, su yi dokar da za ta ba makarantun bakin daji kasonsu, a rubuce, a bayyane, ba tare da an rage musu wani abu daga haƙƙinsu na asali ba. Masu gadi da bindigogi suna iya tsare giwa yau, amma wanda zai yanke hukuncin ko za ta kai shekara hamsin masu zuwa yana nan yanzu a aji biyu ko uku na firamare, ko kuwa yana bakin gona yana korar biri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa masu iko su ji, Ya ba mu ikon yin namu. Amin.